Yadda Likitan Dutse Ya Yi wa Tsohuwar Ƙofa Wanka

Allah yana yin mutane iri-iri, amma ba kullum yake yin irin Mataimakin Daraktan gidan adana kayan tarihi ba. Bawan Allah ne da ilimi ya yi wa yawa, har yana tsiyaya ta aljihun rigarsa, inda alƙaluma biyar suke jere kamar sojoji. Shekara ashirin da biyu ya yi yana buga hatimi a takardun neman hutu, basirarsa tana kwance tana jiran ranarta. Ranar ta zo sa'ad da Darakta ya gurɗe a ƙafa, aka rasa wanda za a tura taron ƙara wa juna sani a ƙasar waje, kan yadda ake kare tsofaffin gine-ginen dutse daga lalacewa. Aka tura shi.

Taron na kwana tara ne. Biyu sun tafi a hanya, ɗaya a kasuwa, ɗaya kuma ciki ya ɓaci. Amma biyar ɗin da suka rage bai yi wasa da su ba, domin ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, da farar riga irin ta asibiti, da 'yar gudumar roba, da wata na'urar auna danshi mai kukan tsiyako. Ma'aikata suka sa masa suna Likitan Dutse. Da labarin ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

A gida ya fara aiki. Ya auna bangon falo, ya auna turmi, ya auna dutsen guga. Ranar da ya dangwala na'urar a katifa, matarsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Maigida, katifar ma tarihi ce?"

"Ke dai ba ki san kimiyya ba," in ji shi. "Kome na duniya yana ɗauke da danshi. Har ke."

Ta ce to Allah ya ba da lafiya, ta ci gaba da shararta.

Majinyacinsa na gaske yana tsaye a bakin tsohuwar kasuwa. Wata ƙofa ce ta jan dutse, mai baka a sama, wadda ta haura shekara ɗari huɗu. A goshinta an sassaƙa sunayen magina goma sha ɗaya da suka ɗora ta, da tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. Jikokin maginan nan har yanzu suna garin, sukan kawo 'ya'yansu su ɗaga su a kafaɗa su nuna musu sunan kakansu. Sai dai ƙofar ta fara gajiya. Gindinta ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, in ka shafa sai yashi ya biyo hannunka.

Gidan tarihin yana da wata ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwaje, ana ce mata Mai Gwaji. Laifinta ɗaya: shekara shida ta yi tana karatun wannan fanni, don haka ba ta iya saurin magana ba. Wata huɗu tana zuwa ƙofar da sassafe tana kankarar farin garin nan a 'yan kwalabe, sannan ta kawo rahoto.

"Yallaɓai, ciwon daga ƙasa yake," ta ce. "Kwatar da ke bayan ƙofar ta toshe. Dutsen yana jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan mai, ruwan kuma yana tafe da gishiri. In ya bushe, gishirin ya daskare a ciki ya kumbura, ya dinga farfasa dutsen. A fara buɗe kwatar. Sannan a riƙa manna masa laka mai tsabta da jiƙaƙƙiyar takarda, su tsotse gishirin, a ɓare a sake. Tsagar kuwa a cike ta da kwaɓin farar ƙasa, don dutsen ya samu ya yi numfashi."

"Kwana nawa?"

"Damina biyu, Yallaɓai."

Likitan Dutse ya yi murmushin tausayi. Minista zai zo ganin ƙofar nan da mako uku. Wane mahaukaci ne zai kai Minista gaban ginin da aka lafta wa laka da tsohuwar jarida? Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin farar rigarsa, domin jawabi ba ya fita daidai in rigar tana buɗe.

"Malama, ni na je inda kimiyya take da kaina, ba a littafi na gan ta ba. A can ba a lallashin cuta. Tiyata ake yi. Mataki na ɗaya, wanka. Mataki na biyu, ɗori. Mataki na uku, rigakafi. Laka kuwa, ai ita muke gudu tun zamanin kakanni, ba za ki mayar da mu baya ba."

"To ko a gwada a ɗan wuri, kamar tafin hannu, a ga yadda zai yi?"

"Mai shakka ne ke gwaji."

Washegari aka mayar da ita ɗakin ajiya, ta je ta jera tsofaffin tukwane. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, amma ba su faɗi wuyan wa yake shaƙewa ba.

Akwai wani tsohon magini da ya yi shekara arba'in yana lura da ƙofar, yana cire ciyawar da ta tsiro a tsaga, kamar yadda ubansa ya yi. Da ya ga an sauke buhunan siminti, ya matso yana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, dutsen nan tsoho ne. Siminti ya fi ƙarfinsa. In ka haɗa tsoho kokawa da saurayi, ka san wanda zai karye."

"Baba, kana da takardar shaida?"

"Ba ni da ita."

"To ka ga ni ina da ita."

Tsoho ya ce gaskiya ne, ya koma gindin bango ya zauna.

Ranar wanka garin ya sha kallo. An ɗauko injin feshi daga wurin masu wankin manyan motoci, irin wanda ke ɓare taɓon shekara daga ƙarƙashin tirela. Likitan Dutse da kansa ya riƙe bakin tiyo, ya sa mai hoto ya tsaya ta dama, inda fuskarsa ta fi kyau. Ruwa ya daki goshin ƙofa, jan ruwa ya dinga kwarara a titi. Da wata mai sayar da kayan miya ta ce ai kamar dutsen ne ke narkewa, sai ya juyo ya yi wa jama'a bayani.

"Wannan da kuke gani dattin ƙarni huɗu ne. Jahilci ne yake fita."

Bakin ɗaya daga cikin tsuntsayen ya bi jahilcin ya tafi. Ba a damu ba, an yi masa sabo da siminti, ya ɗan fi na da tsawo, har ya koma kama da agwagwa. Aka toshe kowace tsaga. Daga nan aka zo rigakafi: aka shafe ƙofar tun daga sama har ƙasa da man sheƙi mai hana ruwa shiga, shafi uku. Kwatar da ta toshe kuwa ba a taɓa ta ba, domin tana baya, kuma Minista ta gaba zai tsaya.

A gaskiya ƙofar ta yi kyau, irin kyan ɗan maciji. Tana walƙiya kamar sabon kwano. Minista ya zo ya yi minti bakwai, ya yanke kyalle, ya tambaya ko sabon gini ne. Likitan Dutse ya ɗauki tambayar a matsayin yabo mafi girma da aka taɓa yi masa. Ya yi jawabin minti arba'in ga bayan motocin da ke tafiya.

"Yau na yi wa tarihi allurar shekara dubu. Daga yau ko ɗigon ruwa ba zai shiga dutsen nan ba."

Rabin maganarsa gaskiya ne, kuma ya kamata a yaba masa. Ruwa bai shiga ta gaba ba. Ta ƙasa ya ci gaba da hawa kamar yadda ya saba, ya zo fita ya tarar an kulle ko'ina. Shi da gishiri suka zauna a bayan man sheƙin suna aikinsu. Tsakiyar damina ƙofar ta fara ƙuraje. Likitan ya zo da na'urarsa, ya dangwala a kan sheƙin, ta yi shiru, ya sanar da cewa majinyaci lafiya lau, ƙuraje alamar magani yana aiki ne. Da rani ya kama, ƙurajen suka fara fashewa. Kowane ɓawon da ya faɗo yakan taho da fatar dutse kaurin yatsa.

Wata safiyar Talata, ana tsakiyar ciniki, goshin ƙofar ya saki. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙasa sai kwandon albasa. Sunaye bakwai cikin goma sha ɗaya suka zube suka zama tsakuwa. Tsohon magini ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin a hularsa, yana juya kowanne ko zai ga harafi. Sunan kakan kakansa yana cikin waɗanda suka faɗo.

Likitan Dutse ya iso cikin farar riga, ya ƙwanƙwasa abin da ya rage da gudumar roba, ya kasa kunne.

"Dutsen ne bai ba da haɗin kai ba," in ji shi. "Magina na da ba su san kimiyya ba. Sun yi aiki da kaya marasa inganci."

Garin gyaran gira an rasa ido. Darakta, wanda ƙafarsa ta warke, ya aika ɗakin ajiya aka kira Mai Gwaji. Ita da tsohon magini suka buɗe kwata, suka bi man sheƙin suna ɗagawa kaɗan-kaɗan da 'yar wuƙa da auduga, suka lafta laka da takarda. Da yake ta ɗauki hoton kowane harafi tun kafin wanka, suka shimfiɗa gutsattsarin a kan tebur suna haɗawa. Sunaye uku suka dawo. Huɗu sun tafi ke nan. Likitan yakan zo ya tsaya a bayansu hannu a baya, ya ce, "Yawwa, haka nake nufi tun farko."

Bayan shekara biyu takardar gayyata ta zo daga tsohon Farfesan da ya koyar a taron nan na kwana tara. Mai Gwaji ce ya gayyata ta je ta yi bayanin yadda aka ceto ƙofar, ya kuma nemi izinin amfani da hotunan aikin farko. Likitan Dutse ya ba da izini da hannu biyu, ya haɗa da hotonsa mafi kyau, sannan ya sa kansa cikin tafiyar a matsayin jagoran tawaga. Ya shaida wa matarsa cewa duniya ta gano shi.

"Allah ya sa da alheri ta gano ka, Maigida," ta ce.

A zauren taro aka raba 'yan na'urorin saƙalawa a kunne don jin fassara. Ya mayar da tasa, ya ce shi tsohon ɗalibi ne a nan. Farfesa ya fara lacca yana nuna hotuna a bango, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lamba. Likitan yana gyaɗa kai a inda ya ga wasu sun gyaɗa. Can sai ga shi ya cika bango: farar riga, tiyo a hannu, jan ruwa yana kwarara. Farfesa mutumin kirki ne, ya sa an dusashe fuskar, bai kuma ambaci suna ba. Likitan Dutse ya ga za a tauye masa haƙƙi. Ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci mutum ɗari uku, ya nuna hoton, ya nuna ƙirjinsa, ya rusuna.

Zauren ya fashe da dariya da tafi. Ya zauna yana share hawayen farin ciki. Ya karkata wajen Mai Gwaji.

"Malama, me ya rubuta a saman hoton?"

Ta yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, jerin abubuwan da ke cinye tsohon dutse ne. Ruwa, gishiri, hayaƙin motoci, da sauransu."

Ya gyara alƙalumansa.

"Ni na nawa ne?"

"Na bakwai."

"Wane ne na shida?"

"Kashin tattabaru, Yallaɓai."

Nan ne ransa ya ɓaci.

"Ki rubuta masa takarda yau ɗin nan. Ina Mataimakin Darakta, da shekara ashirin da biyar a bakin aiki, ba za a jera ni a bayan tattabara ba."

Mai Gwaji ma'aikaciya ce mai biyayya, ta rubuta. Farfesa kuma mutum ne mai adalci. Ya sake duba hotunan, ya lissafa abin da ruwa da gishiri suka ci cikin shekara ɗari huɗu, ya gwada da abin da aka ci cikin mako uku, ya ga lallai an zalunci bawan Allah. A taron shekara mai zuwa ya mayar da shi na ɗaya.