Fulogi Biyun Baya

"Lafiya lau muka kwana, Baƙin Mai, kafin mu ga fuskarka."

"Ni ma da na san ke zan fara gani, 'Yar Alli, da na koma na sake barci. Ya jikin Kawu?"

Ta nuna masa taga da haɓa. Bakaniken ya leƙa. Kawunsa na zaune bakin gado, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ƙarfe goma za a yi masa wankin ƙoda, asibitin kuma da nisa, in ya rasa layinsa sai bayan kwana uku. Tsohuwar motar gidan tun jiya take tari tana mutuwa, ga shi babu motar haya da ke shigowa lungun.

'Yar Allin malamar makaranta ce, taubashiyarsa, 'yar kawun nasa. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da cin fuska ba.

Ya ɗaga murfin inji. Fulogi huɗun gaba bai sha wahalar canza su ba. Biyun baya kuwa suna can ƙarƙashin bututu, jikin ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, inda ido ba ya gani. Ya zura hannu, ya maƙale a wuyan hannun.

"Ashe cin da kake yi har a yatsu yake taruwa."

"Hannun maza ne wannan. Da shi na taɓa ɗaga tirela na ciro kaza daga ƙarƙashinta."

"Ka cinye ta a wurin, na sani."

Ya yi dariya, ya koma kan injin. Da ya ɗora dogon sifana a kan na biyar, ya ji shi ƙam kamar an yi masa walda. Ya san irin wannan. In ya matsa ya karye a ciki, sai an sauke kan inji, aikin kwana biyu. Ya ɗiga masa mai, ya jira, ya murɗa kaɗan. Ƙarfen ya yi ƙara, ƙiii. Gumi ya keto masa.

"Mene ne wannan?" Muryarta ta sauka.

"Haƙoranki ne ke haɗuwa."

"Kada ka yi mini ƙarya, ɗan Gwaggo."

Bai tuna ranar da ta taɓa kiransa haka ba. "In ya karye, ba inda za mu yau."

Daga ɗaki suka ji tsohon yana tari. Agogon hannunta ya nuna tara saura kwata. Bakaniken ya rufe ido, ya yi bismilla, ya murɗa gaba kaɗan, baya kaɗan, har fulogin ya saki. Na shida bai yi gardama ba.

"Saura ɗaurawa," ya ce. "Da yatsa ake fara ɗaura sabon, a ji ya hau zarensa. Nawa hannun ba ya kaiwa. Miƙo wannan tsinken hannun naki."

"Ni? In na ɓata fa?"

"Ke da kike murɗe kunnen yara arba'in kullum?"

Ta naɗe hannun riga ta kwanta a kan injin, kumatunta manne da bututu. Hannunta ya shige har gwiwa.

"Ba na ganin komai."

"Dama ko a aji ba gani kike ba. Laluba ramin. A hankali! In ya faɗi ciki ko ya hau a karkace, mun shiga uku."

"Yana tafiya... ya tsaya. Wayyo, ya cije!"

"Kada ki matsa! Koma baya. Sake ɗora shi a miƙe."

Ya ga leɓenta na motsi da addu'a.

"Yana tafiya sumul."

"To, ci gaba, uwar gwanaye."

Ta ɗaura na biyun, ya bi su da sifana ya ƙara matsewa, ya mayar da wayoyi. Ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ta yi shiru. Suka kalli juna. Ya sake murɗawa, sai ta kama, injin na bugawa daidai babu tari.

Suka tallabo tsohon suka kwantar da shi a kujerar baya. Bakaniken ya kama ƙofar direba, sai ya tsaya ya ja da baya.

"Zo ki ja."

"Kai da ka ce mace a sitiyari annoba ce?"

Ya ɗaga mata hannayensa biyu. Rawa suke kamar na mai zazzaɓi.

Ta fashe da dariya har da hawaye, baƙin mai shafe a goshinta. "Faɗi da bakinka, waye bakanike a gidan nan?"

"Ke ce, ranki ya daɗe," ya ce yana dariya, ya zagaya baya ya ɗora kan kawunsa a cinya. "Ja mu tafi. Amma don Allah ki tuna wanne ne birki."