Iyakarta Kamu Biyar

Wani bawan Allah ne a Fakku, tun zamanin da ake kai zakkar hatsi Sakkwato a kan jakai. Duk duniya akuya guda ya mallaka, yana ji da ita kamar ɗiyar fari.

Da shuka ta fito, sankira ya zaga gari, ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa sai an yi girbi. Mutumin nan ya zauna kwana uku yana tufkar rama, har ya yi igiyar da za ta kai rabin hanyar Kebbe, ya ɗaure akuya. Kafin azahar ta share kuɓewar wata tsohuwa, Ni'imatu, a can bayan gari.

Aka kai shi gaban Sarkin Noma Maccido. Ya rantse a ɗaure take, a bi igiya a gani. Maccido ya ce igiya tana da iyaka, kamu biyar, kada ya ƙara ko ɗan yatsa.

Ya auna da hannunsa, ya yanke, ya ɗaura wa turke, ya ajiye turken a gindin zana. Washegari sai ga akuya cikin geron maƙwabcinsa Ladan, tana jan turkenta kamar mai tafiya fatauci.

Maccido ya dafe kai. "Kai wane irin mutum ne? Ai turke kafa shi akai! Ka kafa shi inda zai shige da kyau. Na sake ganinta da ganyen wani a baki, 'yan gayyar gonata za su sha romonta."

Mutumin ya gwada tsakar gidansa, ƙasa kamar dutse. Ya gwada ƙofar masallaci, liman ya kore shi. Ya yi ta yawo da turke a kafaɗa, har Allah ya nuna masa wuri mai laushi, ya sha taki: tsakiyar gonar waken Maccido. Ya yi bisimilla, ya buga shi sai da ya kusa ɓacewa.

Da la'asar Maccido ya iso, ya tarar an aske masa wake ƙwal, an yi da'ira kamar faifai. Ya zaro wuƙa, ya ce yau mai ƙwatar akuyar nan sai Allah.

Mutumin ya miƙa masa bakin igiya.

"Ranka shi daɗe, auna tukuna. Kamu biyar ɗinmu muka ci. Sauran gonar duk mun bar maka."