Ranar da Hajiya Rabi Ta Raka Ni Sayen Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je sayen kwamfuta ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa a Nassarawa GRA ba. Ni 'yar unguwar Gama ce, inda ko tari ka yi sai maƙwabciya ta leƙo ta ce sannu. Nan kuwa daga doguwar katanga sai ƙarar janareto. Maigidana, Baban Amira, yana aiki a Fatakwal, sai a daɗe bai zo ba. Daga ni sai Amira da ta fara koyon tafiya, sai wata ƙatuwar kyamara mai dogon hanci da ya bar mini, ya ce kullum in ɗauki yarinyar in tura masa. Ya saita ta a kan abin da yake kira ɗanyen hoto, wato mai nauyi wanda ba a gyara ba, shi zai gyara da kansa. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in danna maɓallin nan mai zanen kwandon shara. (Ni da karatuna ya tsaya a ƙaramar sakandare, maɓallin da bai hana ni ba ma tsoronsa nake ji.)

Matsalar ita ce tsohuwar kwamfutarsa. In na sa mata katin kyamarar sai ta kama huci, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Kafin hoto ɗaya ya buɗe na dama kunu, na ba Amira, na wanke kofin.

To, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tagar ɗakina na bene tana kallon lambun maƙwabciyarmu, Hajiya Rabi. Duk Asabar bayan la'asar ƙawayenta kan taru a gindin mangwaro, ana shan shayi ana shewa. Da leƙe na fara. Wata rana na kara kyamarar a ido don in gani da kyau, sai ga su kamar in miƙa hannu in taɓa. Daga nan yatsa ya fara dannawa. Wallahi ba da mugun nufi ba. So nake in ga yadda suke ɗaurin ɗankwali, da yadda ake riƙe ɗan ƙaramin kofin nan, don ranar da aka gayyace ni kada in yi ƙauyanci. (Babu wanda ya ce zai gayyace ni. Ni dai ina shiri.) Har ranakun da ba Asabar ba nakan ɗauka, don sabo. In Amira ta yi barci sai in zauna ina kallonsu a ɗan allon kyamarar.

Da Baban Amira ya gaji da jiran hoto sai ya ce in sayo sabuwa. "Ki ce mai ram da yawa, ma'ajiyarta kuma es-es-di. Kada ki karɓa sai an gwada da katinki a gabanki." Na haddace tsaf. Sai kuma na ga ai dalilin da zan buga ƙofar Hajiya Rabi ya samu.

Na sa mayafina mafi kyau, na goya Amira, na je na yi sallama.

"Au, ke ce a gidan nan? Ai na ɗauka babu kowa a ciki! Shigo mana, ƙanwata."

Da na roƙe ta ta raka ni sayen kwamfuta, da kanta ta tuƙa mu zuwa wani shago a cikin gari. A hanya ta ce, "Maman Amira, Asabar ki shigo ki sha shayi da mu, zaman kaɗaici ba daɗi." Na ce to, Anti.

Mai shagon mutum ne mai son bayani. Ya ce ram kamar faɗin tire ne, in ya yi faɗi sai a baza hotuna da yawa lokaci guda, es-es-di kuma ita ke miƙo su da sauri. Ya jona wata kwamfuta da allon bango mai girman ƙofa, ya ce, "Hajiya, kawo katin ki ga aiki."

Na miƙa masa hankali kwance. A sanina kwamfuta hoto ɗaya take buɗewa, shi ma sai ta yi nishi. Na ce a raina za a ga Amira sau ɗaya ko biyu a cire.

Ko ƙifta ido ban yi ba allon ya cika. Layin farko Amira ce riƙe da kujera. Hajiya Rabi ta ce, "Masha Allah!" Mutumin ya gangara ƙasa. Sai ga mangwaro. Ga kujerun roba farare. Ga mata.

"Wannan kamar lambuna," in ji ta.

Na sunkuyar da kai. Mai shago bai lura ba, shi dai kayansa yake talla. Ya zaɓo wani hoto da ya yi duhu, ya ce, "Ga amfanin ɗanyen hoto, abin da inuwa ta ɓoye ma sai ya fito." Ya ja wani abu, hoton ya washe. Hajiya Rabi ce ita kaɗai, ba ɗankwali, rabin kai a tsefe, ta kafa haƙora a ƙwallon mangwaro, ruwan yana bin gwiwar hannunta. A allo mai girman ƙofa, a gaban namiji.

"Kun gani? Har furfura ana iya ƙirgawa," in ji shi. Sai ya waiwayo ya dubi fuskarta, ya sake duban allon, ya yi sauri ya zare katin.

Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Anti, ɗaurin ɗankwali nake koyo."

Ta ce, "A wannan ai babu ɗankwalin."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta jira aka sa kwamfutar a kwali, ta maido mu har ƙofar gida. Da zan sauka ta ce, "Ki sa a goge su." Daga baya ta waya Baban Amira ya koya mini danna kwandon sharar, bayan ya yi dariya har da tari.

Asabar ta zo, na yi wanka, na ɗaura ɗankwali irin nasu, na kasa fita. Da na leƙa ta taga (da ido kawai, na rantse) sai na ga an kwashe kujerun an mayar bayan gida. Dariyar dai ina jin ta, daga nesa.

Kwamfutar kam ba ta da laifi, hoton tafiyar Amira ta farko ya isa Fatakwal tun kafin ta tashi daga faɗuwar da ta yi. Ni dai na koyi abu biyu: in kina son shiga cikin mutane, ƙofa ake bugawa tun farko. In kuma za ki gwada na'ura mai sauri, ki fara tuna abin da tsohuwar mai nawa take rufa miki.