Rasuwar Keken Surfanin Mai Nasara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ƙarasa cikawa, Malam Mai Nasara tela na Birni, Zinder, yana sanar da rasuwar keken surfaninsa mai aiki da ordinatar, wato kwamfuta, wadda aka fi sani da Hajiya Tak-tak. Shekara goma sha tara ta yi tana yi wa manyan riguna ado, ba ta taɓa cin zaren kowa ba. "Tak-tak-tak, firrr," ita ce maganarta kullum.

A sani, marigayiya ba ta yi jinya ba. Lafiyarta lau, allurarta sabuwa. Tsohon ordinatar ɗin da ke ba ta umarni ne ya ƙone ranar Asabar, tana tsakiyar ɗinka adon aska takwas a rigar angoncin Ibrahim, ɗan ƙanwar Malam. Kyari mai gyara ya kawo sabo fil, wai mai bit sittin da huɗu. Aka jona. Shiru.

Kyari ya ce sai an samo faifan da ta zo da shi, mai ɗan lojisiyel, wato manhajar da ke yi mata tafinta. Ashe Hajiya Jummai, uwargidan Malam, ta rataye shi a gonarsu ta ƙauyen Gaffati yana korar tsuntsaye. Malam ya hau babur ya kwanto shi, ya wanke masa kashin tsuntsu da hannunsa. Faifai ya karantu tsaf. Sai sabon ordinatar ya kalli tafintan, ya ce shi ba ya jin yaren ɗan bit talatin da biyu. Tir da wannan tarbiyya: ɗan jiya ya ƙi gaida dattijuwa don harshenta ya tsufa.

Ta ce "tak" sau ɗaya, ta yi shiru.

Ta bar zanen ado ɗari uku da babu mai karanta su, da kwandon zare, da rigar ango mai aska huɗu kacal, ga ɗaurin aure ranar Juma'a.

Za a lulluɓe ta da tsohon zanen Hajiya Jummai gobe bayan la'asar, a kusurwar shago. Wanda zai ce "ai sai a sayi sabuwa" ya zauna gida, an yafe masa gaisuwa. Kyari kuma ya tsaya daga waje. Sauran masu ta'aziyya kowa ya zo da allurarsa da tabarau. Saura aska huɗu.