Yadda Ake Baje Kolin Fasaha Bayan Uwa Ta Share Ɗakin Aiki

Ke mai manna tsumma a jikin ƙarfe ki ce fasaha ce, matso kusa. Matakai bakwai ne kacal, kuma na ba ki tabbaci: in kika bi su daki-daki, ranar buɗe baje kolinki sai an rasa wurin tsayawa. An gwada su a nan Busan, Koriya ta Kudu, a kan Pyo Eun-sil, wadda ɗakin aikinta ke saman shagon littattafaina, kuma har yau tana raye.

1. Ki ɗaure kanki da alkawari

Fasaha ba ta nuna sai da fargaba. Ki je wurin mahaifiyarki, musamman in irin ta Eun-sil ce, wadda ta yi shekara talatin tana feɗe kifi a kasuwar bakin teku, ki cika mata baki.

"Omma, wannan karon kaɗai. In bai karɓu ba, da ƙafata zan zo in zauna a rumfa."

Tsohuwar ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na ji. Takalmin roba na nan, daidai ƙafarki na saya tun bara."

2. Ki tara abin da kowa ya yar

Yagaggiyar ragar kamun kifi, gwangwani, kwali, murfin kwalba, tsohuwar wayar lantarki. Ki manne su da gam, ki watsa musu shuɗin fenti, ki ja da baya ki ƙanƙance ido. Wata takwas Eun-sil ta yi tana wannan, har abin ya kai tsayin ƙofa, ta sa masa suna "Teku Ta Tuna". Ki riƙe wannan: in maƙwabci ya leƙo ya gane abin da kike yi, to da sauran aiki.

3. Kada bakinki ya furta "saura kaɗan"

Mai zauren baje koli za ta riƙa kira. Ta Eun-sil, Uwargida Gu, sau uku take kira kafin azahar. In ta ce, "An gama?" ki yi shiru na daƙiƙa biyar, sannan ki ce, "Aikin yana numfashi." Ba wanda ya taɓa samun amsar wannan.

4. Ki ba uwarki lambar buɗe ƙofa

Nan ne zuciyar shirin. Ranar Laraba, saura kwana biyu a buɗe, Eun-sil ta tafi duba fitilun zaure. Omma ta iso da kwanon kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji. Laraba kuwa ita ce ranar fitar da shara a unguwarmu, kowane iri a ɗaurinsa, kuma matar nan a rayuwarta ba ta taɓa haɗa kwalba da takarda a leda ɗaya ba. Ta dubi "Teku Ta Tuna". Ta naɗe hannun riga. Ta zaro wuƙar kifi.

Da Eun-sil ta dawo, ɗaki fes. A tsakiya, ɗauri biyar: kwali an jera an ɗaure, gwangwanaye an wanke an latse, murafai kowane launi da tulinsa, waya an nannaɗe, raga an ninke kamar zanin gado.

"Omma! Ina aikina?"

"Wane aiki? Ƙazanta na tarar. Wa ya koya miki manna roba a jikin kwali? Ni dai ba ni ba."

"Wata takwas fa, Omma!"

"Wata takwas ba ki fitar da shara ba? Eun-sil-a, rage murya, kada maƙwabta su ji."

5. Ki yi kuka, amma ki duba agogo

Minti goma ya isa. Washegari motar ɗaukar kaya za ta zo, direba zai leƙa ya ce, "Wanne ne aikin?" Ki nuna ɗaurin nan biyar da haɓa, ki ce a ɗauka a hankali. Ki ƙara da, "Da safar hannu, don Allah." Shara da aka ɗauka da farar safa ta daina zama shara.

Uwargida Gu ta tsaya a kansu ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa.

"Malama Pyo, ina teku?"

"Na warware ta."

"Da gangan?"

Eun-sil ta tuna takalmin roba. "Tun farko nan na dosa. Sunansa yanzu 'Kowa Ya Koma Gidansu'."

6. Ranar buɗewa, ki tsaya kusa da abinci, ki yi ƙarancin magana

Wani zai yi miki bayanin aikinki, ke dai ki gyaɗa kai. Na Eun-sil shi ne Farfesa Seok, mai sharhin da ke naɗa mayafi a wuya ko ana zafi. Ya zagaya kwalin sau uku, sai ga shi durƙushe.

"Ku dubi ƙullin nan! Hannun da ya ƙulla wannan ya san teku, ya san rashi, ya san haƙuri."

Nan take Uwargida Gu ta manna jan ɗigo a bango, alamar an saya. Eun-sil ta ji kamar takalmin roba ya nutse a teku.

Sai ga murya daga baya. Omma ce, rungume da tukunyar fure.

"Ƙullin akwatin kifi ne, Malam. Ni na ɗaura. Kuma ɗaga gwiwarka, ka danne mini kwali."

A irin wannan lokaci, kada ki musa, kada ki gudu. Ki yi abin da Eun-sil ta yi: ki kama hannun tsohuwa, ki sunkuya, ki ce, "Jama'a, ga abokiyar aikina." Tafi ya ɓarke. Farfesa har da share ƙwalla da mayafi.

7. Ki karɓi nasara yadda ta zo

Kafin a kwashe faranti, Uwargida Gu ta yi tayin wani baje kolin a Seoul, da sharaɗi ɗaya: hannun da ya yi wannan ƙulli shi zai yi na gaba. Omma ta ce ba laifi, amma tana buƙatar ɗakin aiki kwana uku a mako, da shiru.

"To wa zai zauna a rumfa?" in ji Eun-sil.

Omma ta miƙa mata leda. Takalmin ne.

"Amma ai na ci, Omma!"

"Wa ya ce kin faɗi? Gwada ki gani, in ya matse a canza."

Bai matse ba. Yanzu Litinin, Laraba da Juma'a, in kika bi ta kasuwa, za ki ga shahararriyar mai fasaha Pyo Eun-sil tana kankare ɓawon kifi, wayarta na ruri. Omma ce daga ɗakin aiki: "Eun-sil-a, ki taho da gwangwani, kayan aiki sun ƙare. Kuma kada ki kira ni kafin huɗu, aikin yana numfashi."

Gargaɗi: mai wannan jagora ya yi alkawarin cikar zaure ne, bai faɗi sunan wa za a rubuta a bango ba. Ba ruwansa da ƙarnin kifi, ko yankan yatsa, ko uwar da ta fara sa baƙin tabarau a cikin ɗaki. In kin ga takalmi ya yi miki daidai, ki tambayi wadda ta auna ƙafar.