Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci a toshe da hankici, iyalan Auta, ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a kuma 'yar koyon rubuta manhaja, suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke zaune a ƙarƙashin tebur na uku daga ƙofa, a ofishin da Auta take koyon aiki. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, tana da shekara goma sha huɗu a duniya, bayan gajeriyar jinya da doguwar ƙazanta wadda ba tata ba ce.

Gwaggo ta samo sunanta ne daga gunaguni. Da an kunna ta sai ta fara, "Grrr, grrr," kamar an tashe ta daga barcin rana, sannan fankarta ta ɗauki "huuu" har a tashi aiki. A dokar ofishin, duk sabon ɗan koyo ita ake haɗa shi da ita, domin babu wani ma'aikaci mai albashi da zai yarda ya zauna kusa da ita. Wata shida da suka wuce aka nuna wa Auta ita da ƙafa, aka ce ga abokiyar aikinki nan.

Kowa ya ɗauka Auta za ta tsane ta, sai ga shi jininsu ya haɗu. Auta takan iso ƙarfe bakwai, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta bar wa Gwaggo ta gwada, ta ruga jami'a don kada laccar ƙarfe tara ta wuce ta. Ƙarfe biyu ta dawo da gumi da yunwa, littattafai a hammata, ta taɓa madanni. Idan aiki ya yi kyau, Gwaggo ta ce, "Ƙit." Idan akwai kuskure ta ce, "Ƙit, ƙit, ƙit," ta nuna mata layin da abin ya lalace, ba tsaki, ba harara, ba "me ake koya muku a jami'ar ne?" A duk ofishin nan ita kaɗai ce ta taɓa gyara wa Auta kuskure ba tare da ta tara mata jama'a ba. Har a gida, idan Mama ta tambayi yadda aiki ya kasance, Auta takan ce, "Yau ƙit ɗaya ne, Mama," kuma kowa ya san a ranar za a ga haƙoranta.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma wallahi an ci amanar haƙurinta. Saboda jikinta da zafi, mutanen ofis suka mayar da ita murhu. Wannan ya ɗora kwanon abincinsa don kada ya huce, miya ta tsiyaya ta bi ramukan iska. Wancan ya manna cingam a gefenta ya ce zai dawo ya ɗauka. Akwai mai yanke farce a kanta duk ranar Litinin. Amma wanda ya fi kowa shi ne Injiniya, babban mai rubuta manhaja na ofishin, wanda aka damƙa wa Auta don ya koya mata aiki. Mutum ne mai gumin ƙafa. Da ya iso sai ya tuɓe takalmi, ya zare safa, ya shanya ta a bayan Gwaggo daidai inda iska ke fita, ya koma kujerarsa yana sosa tsakanin yatsu da murfin biro. Tir! Auta ta sha cin abincinta a tsaye a bakin matakala saboda wannan iska.

Da safar ce kawai, da an jure. Tun makon farko Injiniya ya sha mur ya gaya wa Auta cewa ɗan koyo ba ya saka aiki a rumbun ajiyar manhajojin kamfani da hannunsa. Ta ajiye komai a cikin Gwaggo, shi zai duba ya wuce da shi. Ya kuwa riƙa wucewa da shi, da sunansa. Manhajar nan da ke tuna wa masu jego ranar rigakafin 'ya'yansu, wadda Manaja yake ta yabo a gaban baƙi, Auta ce ta rubuta fiye da rabinta tsakanin lacca da lacca. Ranar da aka tafa wa Injiniya a ɗakin taro, ita aka aika ta ɗauko kofunan shayi. A rahoton da ya rubuta wa jami'a kuwa cewa ya yi yarinyar tana da ladabi, kuma tana kallon yadda ake aiki da kyau.

Abin da Injiniya ya manta shi ne, Gwaggo ba ta mantuwa. Duk layin da aka rubuta a cikinta sai ta ajiye sunan wanda ya rubuta, da rana, da sa'a. Ranar Litinin wasiƙa ta iso cewa Dakta, malamin da jami'a ta ɗora wa duba ɗalibai masu koyon aiki, zai zo ranar Juma'a ya ga abin da kowa ya yi da idonsa. Wanda bai nuna aikin hannunsa ba, Dakta ba zai sa masa hannu ba, kuma shekarar ta tafi ke nan, sai a maimaita. Auta ba ta damu ba. A gaban kowa ta shafa kan Gwaggo ta ce ai shaidarta tana nan. Wannan magana ce iyali suke ganin da Auta ta haɗiye ta da ya fi.

Ranar Talata Auta ta tafi laccar ƙarfe tara ta bar Gwaggo lafiya lau. Waɗanda suke wurin sun ce wajen ƙarfe goma "huuu" ɗin ya koma "kar, kar, kar." Daga nan wani wari ya tashi, irin na roba da ta ƙone haɗe da abin da ba a faɗa a takardar ta'aziyya. Ta yi "ƙiiit" guda ɗaya mai tsawo, ta yi shiru. Babu wanda ya tashi ya duba ta, sai taga da suka buɗe. Auta ta dawo ƙarfe biyu ta taɓa madanni sau ashirin. Ta durƙusa a kan wannan ƙazamin kafet ɗin tana kiran sunan Gwaggo, hawaye na zuba, tana lissafa shekara guda ta rayuwarta da za ta tafi a banza. Injiniya ya leƙo ta saman allonsa ya ce sai haƙuri, dama tsufa ne.

A ranar Auta ta rungumi gawar ta kai wa mai gyara da ke ƙasan bene. Mutumin nan ya shekara ashirin yana buɗe cikin kwamfutoci, amma da ya cire murfin Gwaggo sai da ya ja da baya ya tofar da yawu. An samu busasshiyar miya kala uku. An samu farce cikin cokali guda, da ƙashin kifi, da gashi, da tsinken sakace goma sha ɗaya. Kyankyasai suka fito a layi, iyaye da 'ya'ya da jikoki, ko kunya babu. A cikin fanka kuma aka zaro safa ƙafa ɗaya, ruwan toka, mai huji a babban yatsa, a cuse har ciki. Iyali ba su ce da gangan aka cusa ta ba. Mai gyara dai ya ce a iya saninsa safa ba ta dunƙulewa ta shige rami da kanta.

Marigayiya ta rasu ta bar allo mai koren layi a tsakiya, da madannai waɗanda harafi biyu suka ɓace musu, da linzamin kwamfuta, wato maus, mai danna kansa, da waya mai ɗaurin salatif a wuri huɗu. Ta bar kyankyasan da aka ambata, waɗanda tuni suka koma cikin firinta da zama. Ta bar Auta, wadda har yau idan ta ji wayar wani ta yi "ƙit" sai ta waiga.

Iyali suna godiya ga Injiniya, wanda ya sauko har shagon mai gyara ranar Laraba da sassafe, ya nemi a ba shi gawar ya kai ta bola da kansa don ya rage wa Auta ɗawainiya. An ba shi ƙarfen, ya tafi da shi yana fara'a. Da ya tsaya ya tambaya, da an gaya masa cewa komai ya ƙone a cikin Gwaggo ban da faifan da take ajiya a kai. Mai gyara ya ciro shi tun ranar Talata, ya goge masa miya, ya gwada shi, yana aiki. Kwana biyu ke nan yana cikin jakar Auta, naɗe a tsumma mai tsabta.

Mama ta so a rufe maganar. Ta ce a nuna wa Dakta shi kaɗai a gefe, a karɓi sa hannu, a bar mutum da halinsa, kada a rufe wa yarinya ƙofar aiki tun ba ta shiga ba. Auta ta ji tsoro, ba a ɓoye ba, don ta san wataƙila Juma'ar nan ce ranarta ta ƙarshe a ofishin. Amma ta ce wata mai zuwa za a kawo wata 'yar koyon a zaunar da ita a tebur na uku, kuma ita wannan ba za ta samu Gwaggon da za ta yi mata shaida ba.

Saboda haka za a yi zaman makoki gobe Juma'a da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro na ofis, a gaban Dakta da Manaja da duk wanda ya taɓa ɗumama abinci a kan marigayiya. Mai gyara zai jona faifan a babban allo, a karanta wasiyyar Gwaggo tun daga farko: rubutu ɗari huɗu da goma sha biyu, kowanne da ranarsa da sa'arsa da sunan mai shi. Ba za a raba abinci ba, don babu wanda zai iya ci. Safar tana cikin leda biyu a kan teburin, mai ita yana iya ɗauka idan an tashi.

An tanadar wa Injiniya kujera a sahun gaba. Iyali suna roƙonsa, don girman Allah, ya zauna har a kai layin ƙarshe, kuma kada ya cire takalmi.