Famfon Gwal a Bikin Sumayya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na bi matan biki ɗaya bayan ɗaya ina ƙwace musu kofi daga hannu ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Marigayiya Inna, mahaifiyarmu, ita ce mai sobiyar layinmu a unguwar Misfala ta Makka. Sha'ir take jiƙawa da busasshen burodi, ta bar su kwana biyu su ɗan yi tsami, sannan ta tace, ta sa sukari da kayan ƙamshi, hel da kirfa. (Kwana biyun nan ba a wasa da su. In ta zarce, ta koma abin da ba a ambaton sunansa a garin Makka.) A randa take yi, tana ɗiba da wani ludayin duma da ta zo da shi tun daga Sudan. Ba a suna, ba a biki, sai an ce a kawo ta Inna. Da ta rasu aka daina tambaya, kamar ba ta bar kowa ba. Abin yana ci mini rai, don ni ce na yi shekara da shekaru a gefenta ina riƙe mata abin tacewa.

Saboda haka da aka sa bikin Sumayya, 'yar Yaya Usman, na ce sobiya tawa ce. So nake a sha a ce hannun Inna bai mutu ba.

Matsalata ɗaya, ni mai mafarki ce ido biyu. Ina wanke-wanke ina ganin kaina a wani shago mai gilasai, alhazai sun yi layi da fararen haraminsu, iska tana kaɗa labule, ni kuma ina murɗa famfo a hankali, sobiya tana zuba fara sol. Randa da ludayi ba su samu shiga mafarkin ba. Sai na sayi sabon durom ɗin roba, na kuma shiga wani shagon kayan gini, inda na hango wani kan famfo mai ruwan gwal yana sheƙi. Na daɗe ina kallon fuskata a jikinsa kafin in biya.

Yaya Usman sabbak ne, shekararsa talatin yana gyaran famfo a gidajen alhazai. Na kai masa ya ɗaura mini. Ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan na banɗaki ne, ya ukhti."

"Ai ruwa ruwa ne, Yaya."

"Sobiya ba ruwa ba ce, tana da tsami. Gwal ɗin nan shafe ne kawai a sama. Ƙasansa tagulla ce, wani ma har da dalma ake haɗa shi. Tsami zai cinye shafen ya kai ga abin da ke ƙasa. Bari in kawo miki na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na roba."

"Na roba? A bikin 'yarka?"

Wayarsa ta yi ƙara, masu shinkafar biki ne. "Halas, shi ke nan, gobe zan kawo," ya ce mini, ya fita. Uban amarya ne, ya manta. Ni kuwa ban manta ba, tuna masa ne ban yi ba. Na ɗora wuƙa a wuta, na huda durom da kaina, na ɗaura abina. A ciki na jiƙa, a ciki na mayar bayan na tace, gindin famfon yana kwance cikin tsami kwana biyu cur.

Ranar wuni muka taru a wata istiraha, wato gidan taro, da aka kama a unguwar Aziziyya, bayan la'asar. Na sa aka ajiye durom ɗin daidai taga, na lulluɓe shi da farin yadi, famfon kaɗai ya leƙo. Rana ta sauka a kansa, turaren wuta yana tashi, mata suna shigowa suna cire abaya. Wallahi a lokacin ji nake kamar ba a ƙasa nake takawa ba.

Da na murɗa, sai na ga wasu 'yan ƙanana masu ƙyalli suna yawo a cikin kofi. Mai hankali da nan za ta tsaya. Ni tsayawa na yi ina sha'awarsu, har suka tuna mini da taurarin Muzdalifa. Uwar ango ta ɗaga nata kofin ta duba.

"Mashallah, Hajja, mene ne wannan mai walƙiya?"

Na yi murmushi, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. "Sirrin gidanmu ne," na ce. (Allah Ya yafe mini, har da lumshe ido.)

Sai aka turo Hajja Kaltume a kekenta. Aminiyar Inna ce, tare suka tsallako teku suna 'yan mata, kuma ita kaɗai ta rage da za ta iya cewa ta yi ko ba ta yi ba. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe. Sannan ta jawo tishu ta tofar.

"Ɗiyata, makullai kika jiƙa a ciki?"

Ta tsoma yatsa, ta ɗago da ɓawon gwal a kai. Ta yafito ni wai za ta yi mini raɗa. To Hajja Kaltume kunnenta ya yi nauyi, raɗarta har bakin ƙofa ake ji.

"Uwarki ba ta taɓa shayar da mutane ƙarfe ba."

Na yaye yadin, na karkata durom na leƙa. Gindin famfon ya yi baƙi da kore-kore, shafen yana ta saɓulewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zuciyata ta ce in rufe in yi shiru, tsohuwa ce, za a ce rikicin tsufa ne. Ina cikin wannan tunani na hango ƙanwar ango, da cikinta wata takwas, ta kai kofi baki.

Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na fizge kofin, rabi ya zube a leshina. Daga nan na bi sahu, ina karɓa ina ba da haƙuri da Hausa da Larabci, wasu na riƙewa ina ja. Da na zo kan uwar ango ta miƙo mini nata da kanta, ta ce a hankali, "Ashe sirrin ke nan."

Alhamdu lillahi, yawanci kurɓa ɗaya suka yi, ba wadda ta kwanta. Yaya ya aiko da katan-katan na lemo daga ɓangaren maza. Bai ce mini ai na gaya miki ba. Hoton famfon roba kawai ya turo mini a waya, ba ko kalma ɗaya, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan sati Hajja Kaltume ta aiko in zo da randar Inna da ludayinta. Sau uku tana sa ni ina yi a gabanta, ta zubar da biyun farko. A na ukun ta shanye kofin tas, ta goge baki, ta ce, "Da saura, amma wannan ta gidanku ce." Na fita tsakar gida na yi kukana.

Yanzu an koma tambayar sobiya a layinmu, sai dai ba a cewa ta Inna, ta Hajja Dahab ake cewa, wato Hajiya Gwal, kuma na daina musu. Famfon yana nan, Yaya ya ɗaura mini shi a inda ya ce tun farko. Kullum in na je alwala muna haɗa ido. Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya ce abu na banɗaki ne, to a kai shi banɗaki.